Ta'aziyya a Bakin Bindiga

Ba neman arziki ne ya fitar da ni daga Gummi ba, ko da yake na bar mutane sun ɗauka haka. 'Yata Balki ce ta fitar da ni. Shekarunta biyar a lokacin, tana ƙauyenmu da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum tare da uwarta Luba da mahaifiyata Inna. A daminar shekarar aka tare motar da yayana Bello ke ciki a hanyar Anka, aka harbe shi da sauran fasinjoji. Tun a wurin zaman makokinsa na ƙudura cewa yarinyar nan ba za ta girma a inda ake harbin mutane kamar kurciya ba. Da na ji wani kamfanin yanka kaji a Amurka yana ɗaukar leburori, sai na ajiye aikina na malamin gona na bi layi. Sharaɗin da aka gindaya mini bai da yawa: in yi aiki, kada sunana ya shiga wurin 'yan sanda ko da kan cacar baki ne, in na cika wa'adi a ba iyalina izinin biyo ni.

Zangona na farko wani babban birni ne, a hannun dillalin da ya haɗa ni da kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji. Ya tarbe ni da "ɗan'uwa, ɗan'uwa," ya sauke ni a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai warin danshi, ya ce in ba shi katin zamana ya adana mini saboda garin akwai ɓarayi. Gaskiya ya faɗa, akwai su, ɗaya ma yana tsaye a gabana. Sai da na yi mako uku ina jiran a kira ni aiki kafin in gano wani ƙato yana gadi a wani kanti da katina da sunana. Wato in ya mari wani, Lawali ne ya yi mari, Balki kuma ta zauna ke nan. Ban roƙi Alhaji ba. Na jira shi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, na ɗaga murya irin ta masu tallan kifi a kasuwar Gummi, na tambaye shi a gaban jama'a ko mutum biyu na iya zama Lawali ɗaya. Kafin la'asar katina ya dawo hannuna, tare da zagin da ban tsaya ƙirga shi ba.

Zango na biyu wani ƙaramin gari ne a tsakiyar ƙasar, tafiyar yini biyu a bas. Nan kamfanin yake. Aikina tsayuwa a ɗakin sanyi ina raba cinya da ƙirji, kaza na bin kaza a kan ƙarfe tun safe har yatsu su daina jin wuƙa. Na samu ɗaki tare da Isuhu, mutumin Dogondutsi, wanda ya riga ni zuwa da shekara shida, ba abin da ya rage masa na sha'awar ƙasar sai shayinsu, shi ma yana kushe shi.

A layin aiki, wadda ke tsaye a damana wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Dora. Ta kai sa'ar Inna, ga ciwon gwiwa, amma kullum ita ce ta fari a wurin. Wata rana ta ga yatsuna sun kumbura sun yi fari. Washegari ta ajiye mini safar hannu ta ulu da ta saƙa da kanta, ta nuna mini in sa ta a ƙarƙashin ta roba. Da hunturu ya shigo ta ga ina taka sayyada zuwa aiki, sai ta riƙa tsayawa a bakin titinmu tana ɗauka ta a tsohuwar motarta. Sunana ya gagare ta, ta yanke shi ya koma Wali, ni kuma na rama na sa mata Gwaggo. Na nuna mata hoton Balki, ta ce in yarinyar ta iso za ta saƙa mata hula ja.

A garin nan na fara ganin abin da ya sa na raina wa mutanen hankali. Na shiga babban kanti sayen shinkafa, na wuce wurin sabulu, na wuce wurin takalma, sai ga bindigogi jere a bango, manya da ƙanana, har da masu launin hoda don mata. Wani yana ɗaga ɗaya yana gwada ta a kafaɗa, ɗansa na tsaye kusa da shi yana shan alawa. Na tuna bindigar tokar mahaifinmu, ƙirar maƙerin gari, wadda ba ta taɓa kashe abin da ya fi biri mai ɓarnar dawa ba. Bayan harin farko da aka kai wa ƙauyenmu, jami'ai suka zo, ba su bi sawun baburan da ke kwance ɓaro-ɓaro a hanya ba, sai suka bi gida-gida suna karɓar makamai, wai doka ta hana riƙe bindiga ba lasisi. Tsoho ya miƙa ta yana hawaye. Mutanen daji kuwa har yau ban ji wanda ya je ya tambaye su lasisi ba. Can doka ta kwance mai gona ta bar ɓarawo da ɗamara, nan kuma doka ta ce kowa ya ɗaura, mai hankali da mahaukaci. Na biya shinkafata na fita.

Na yi wata goma a garin, saura kaɗan wa'adina ya cika, sai abin ya faru. Ranar Asabar ce da azahar, ni da Isuhu muna wanki, muka ji jiniya ta cika gari. Wani saurayi ɗan garin, wanda ya sayi bindigarsa bisa doka da takarda da rasiti, ya shiga kantin nan ya buɗe wuta a kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gwaggo Dora tana cikinsu. Ta je sayen zaren ulu.

Ranar Litinin aka tsayar da injin kamfani na minti ɗaya, muka yi shiru, sannan kaji suka ci gaba da zuwa. Wani yaro sabon ɗauka aka tsayar a damana. A ƙofar kantin kuwa furanni aka tara har gwiwa, da kyandir da 'yan tsana. Manya suka zo daga babban birnin jiha, suka tsaya gaban kyamara da fuskar tausayi suka ce suna taya mu addu'a. Na san fuskar, na gan ta a gida. Mu namu manyan, ayarin motoci suke yi, su zo jaje da sojojin da ba a ga ko ɗaya ba ranar harbin, su yi Allah wadai, su sauke wa manoman shinkafa buhunan shinkafa, su koma kafin la'asar don hanya ba kyau. Bambancin kawai su nan ba a cin fure. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne layin da na gani a ƙofar mai sayar da bindigogi a makon nan, ya fi layin masu ajiye furannin tsawo, kuma fuskoki da yawa na gan su a layukan biyu.

Kwana uku da rasuwar na ce wa Isuhu zan je gaisuwa gidan Gwaggo.

"Wa yag gayyace ka?" in ji shi.

"Ana gayyata wurin mutuwa? Suna ne ko biki?"

"Kai Lawali, nan ba Gummi ba ce. Waɗanga mutane ba su zaman makoki. Ka sayi kati ka rubuta masu, ka jehwa ga akwatin wasiƙa, shi ke nan ka hita."

"Matar da ta ɗauke ni ga mota tata hunturu guda, in aika ma mijinta takarda? Inna ta ji wanga zance ai sai ta ce ba ita ta haihe ni ba."

"To ka dai kira su ga waya tukun."

Ban kira ba, ba ni ma da lambar. Na san gidan, don ta taɓa tsayawa da ni a ƙofarsa ta ɗauko magani. Bayan sallar la'asar na sa farar shaddata, wadda na adana don ranar tarbar iyali, na ɗora hula. Sai na yi wani tunani da a lokacin na ga hankali ne tsantsa. Na ce mutanen nan ba su san tabarma ba, in na tarar da maza sun cika kujeru a waje kada in tsaya musu a ka, bari in tafi da tawa. Na naɗe doguwar tabarmar robar da muke salla a kai, na ɗaure ta da igiya, na saƙale ta a hammata.

Na isa na tarar da ƙofar gida wayam. Ba rumfa, ba takalma, ba ko mutum ɗaya, labule a sauke. Mace ta mutu kwana uku, an bar tsoho shi kaɗai da bango. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na taka ciyawar gidan na je bakin ƙofa, na koma gefe kamar yadda aka koya mana, don kada a buɗe idona ya faɗa cikin gidan mutane. Gefen nan kuwa jikin taga ne. Na yi sallama sau uku, ina ɗan ɗaga murya. Shiru. Na ce to, mai makoki ba a matsa masa, bari in shimfiɗa in zauna har ya fito. Na sauke tabarmar daga hammata, na sunkuya ina kwance igiyar.

Ƙofa ta buɗe. Abin da na fara gani bakin bindiga ne, baki biyu, sannan tsohon da ke bayanta, idanunsa jawur. Yana ihu in yar da abin da ke hannuna. Turancina duk ya gudu. Na saki tabarmar, ta gangara ta warware kanta a kan ciyawa, shuɗiya da zanen masallaci. Na waiga na ga maƙwabcin hagu ya fito da tasa bindigar, na tsallaken titi ma ya fito da tasa, wata mata tana leƙe ta taga da waya a kunne. Mutanen da suka kasa fitowa su zauna da shi kwana uku, ga su sun fito cikin minti ɗaya. Na kwanta rub da ciki, hulata ta yi gefe, ina karanta kalmar shahada. Wallahi ba mutuwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Tunanin da nake yi shi ne yadda za a gaya wa Inna ta rasa ɗa na biyu da harsashi, a ƙasar da ya je neman tsira.

'Yan sanda suka zo mota uku. Suka sa mini ankwa, suka zazzage aljihuna, ɗaya ya ɗaga tabarmar da bakin takalmi yana duba ƙarƙashinta. Babbansu ya yi mini bayani a natse. Tsohon, Walta sunansa, bai karya doka ba, gidansa ne, bindigarsa ce, da ya harba ma akwai dokar da za ta iya kare shi. Maƙwabtan ma ba su karya doka ba. Duk cikin taron nan mutum ɗaya ne ya taka doka, wanda ya shigo filin wani ba izini ya laɓe a jikin taga, wato mai tabarma. In maigidan ya ce a rubuta, za a rubuta.

Wata goma na sanyi da warin kaji, ga su za su tafi a layi ɗaya na biro. Na roƙi a bar ni in yi wa tsohon magana. Na ce masa tare muke aiki da matarsa, a garinmu in mutum ya mutu duk wanda ya san shi zuwa yake ya zauna da iyalinsa, tabarmar ta zama ce. Ya dube ni ya dubi tabarmar.

"Kai ne Wali?" ya ce.

"Ni ne."

Sannan ya gaya wa ɗan sandan ba sai an rubuta ba. Na ɗauka zai ce in shigo, ko ya zauna a dakalin ƙofa mu yi shiru tare ko na minti biyar. Ina! Cewa ya yi nan gaba in riƙa buga waya kafin in je gidan mutane. Har lokacin bai jingine bindigar ba, ya dai mayar da bakinta ƙasa. Da aka kwance mini ankwa na tsaya na ce masa da Hausa, "Allah Ya ba ka haƙuri," don abin da ya kawo ni ke nan, kuma ba zan koma da shi ba. Na naɗe tabarmata na tafi, gaban shaddata kore shar da ciyawa. Isuhu ya ga ni bai ce "na gaya maka" ba, ya dafa mini shayi.

Mako biyu bayan haka aka kira taron gari a ɗakin wasan makaranta, na je don in ji ko akwai mai hankali. Wata malamar asibiti ta tashi ta ce ba ta nemi a ƙwace wa kowa komai ba, a dai sa wanda zai sayi bindiga ya jira 'yan kwanaki a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Kamar ta zagi iyayensu. Wani mai jan wuya ya ce da kowa a kantin yana da tasa a ƙugu da ba a kai haka ba, aka tafa masa. Wani ya ce a ba malaman makaranta bindiga, shi ma aka tafa. Aka yi awa uku ana musu, aka tashi a kan za a dasa bishiya a kafa allo da sunayen mamatan. Ni da na kusa shiga allon saboda tabarma, na fito ina tambayar kaina ko wannan ce ƙasar da zan kawo 'yata.

Takardun izinin suka fito, na riƙe su kwana tara ban gaya wa kowa ba. A na goma na kira Inna, na kwashe labarin kantin da na taron na gaya mata, na tabarmar ne kawai na ɓoye. Ta saurare ni har na gama.

"Lawali, can inda kake, in an kashe mutane, kowa da kabari nai, ko rami guda aka gina masu?"

"Kowa da nashi, Inna."

"To aiko a ɗauki ɗiyarka. Shekaranjiya Liman ya yi ma mutanen tunga salla, sahu biyu, kuma ba na masu sallar nika gaya maka ba."

Ban ƙara musu ba. Raini daban, lissafin rai daban. Bayan wata huɗu Luba da Balki suka sauka. Yarinyar da na bari tana surutu kamar rediyo ta zama mai shiru, ta yi tsawo, ba ta son zama kusa da ƙofa. Na ce baƙunta ce. Na sa ta makarantar firamaren garin, na saya mata jaka da takalma masu walƙiya, ranar farko na raka ta har aji ina jin kamar na sauke dutse daga kai.

A mako na uku, ina tsakiyar aiki da hantsi, shugaban layi ya taɓa kafaɗata ya ce ana nemana a makaranta. Na tafi da takalman roba da rigar aiki. Malamar ajin, wata yarinya mai yawan murmushi, ta tare ni a baranda tana cewa kada in damu, ba abin da ya faru. Atisaye suka yi, irin wanda doka ta ce kowace makaranta ta riƙa yi: a kashe fitila, a kulle ƙofa, yara su ɓuya su yi shiru kamar mai bindiga ya shigo. Ta ce ba ta taɓa ganin yaron da ya iya kamar Balki ba. Kafin ta gama bayani yarinyar ta cire takalmanta masu walƙiya ta tura ƙarƙashin tebur, ta tuɓe farin hijabinta ta cusa a riga, ta ja wata ƙaramar yarinya mai kuka ta toshe mata baki, sannan ta shige kabad ɗin littattafai ta ja ƙofa. Har tauraron yabo malamar ta tanadar mata, yana manne a yatsanta. Matsalar ɗaya ce, an gama atisayen fiye da awa ɗaya, an yi kira an yi lallashi, ta ƙi fitowa, ta riƙe ƙofar ta ciki.

Na durƙusa a gaban kabad ɗin.

"Balki, ni ne Baba. Hito, wasa ne aka yi, ba kowa."

Ko motsi ban ji ba. Na kira ta da duk sunayen da nake kiranta tun tana goye. Shiru. Na ciro waya na kira Luba, na gaya mata abin da ake ciki.

"Wayyo, Baban Balki, ba ta hitowa," in ji Luba. "Inna ta hore su, ko muryar wa sunka ji kar su hito, don mutanen daji kan aza ma uwa bindiga ga kai su ce ta kira ɗiyanta. Sai in sun ji an kira salla, nan ne sun san maza sun dawo gari."

Garin nan ba masallaci, ba ladan, lokacin salla ma bai yi ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar ajin, da warin kaji a jikina, yara ashirin da malamarsu suna kallona. Na fuskanci inda nake zaton gabas ce, na sa yatsu a kunne na kira salla. Muryata ta karye a wuri biyu, na dai kai ƙarshe.

Ƙofar kabad ta buɗe a hankali. Ta fito ba takalmi, ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta dubi malamar da ke miƙo mata tauraro tana murmushi. Sannan ta matso ta kama rigata, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, wa da wa anka kashe?"